Ashe Ba Aikin Kwamfuta Ba Ne: Shirin Bin Sawun 'Gerua' Da Mota A Ƙasar Ayislan

MUSU ne ya jawo wannan rubutu. Wani dare muna zaune a ɗakin aikin wani abokina edita a Titin Gidan Zoo, sai ɗaya daga cikin yaransa ya kunna waƙar 'Gerua' ta cikin fim ɗin 'Dilwale', wanda Rohit Shetty ya ba da umarni a 2015. Ga Shah Rukh Khan da Kajol a kan baƙin rairayi, can kuma ga su a tsaye kan wani mataccen jirgin sama, gyalen Kajol yana ta kaɗawa. Abokin nawa ya kalli hoton, ya taɓe baki, ya ce, "Malam, wannan duk koren ƙyalle ne da kwamfuta. A ba ni na'ura mai ƙarfi, ni ma sai in haɗa maka irinsa." Na ce masa wuri ne na gaske. Ya ce in kawo shaida. Na nuna masa bidiyon yadda aka ɗauki waƙar, ya ce shi ma ana iya haɗa shi. Daga ƙarshe ya ce shi fa sai ya ga hotona a gindin jirgin nan sannan zai yarda.

Da wasa ya faɗa, ni kuma sai abin ya zauna min a rai. Tun daga ranar nake ɗan tara abin da ya samu, nake kuma zana hanya a taswira. Tun da wuri gara in gaya maka gaskiya, mai karatu: ban je ba tukuna. Shiri ne nake yi, kuma shirin shi ne abin da zan baje maka a nan.

Sunan ƙasar Ayislan, a taswira za ka ga an rubuta Iceland. Tsibiri ce can arewacin Turai a tsakiyar Tekun Atilantika, faɗinta ya kai murabba'in kilomita 103,000, amma mutanenta gaba ɗaya ba su cika 400,000 ba, kuma kusan kashi biyu cikin uku suna zaune ne a babban birnin, Reykjavik, da kewayensa. Masu kallon ƙwallo sun san ta. Ita ce wadda Ahmed Musa ya zura wa ƙwallo biyu a ran 22 ga Yuni, 2018, a gasar cin kofin duniya a Rasha. To ga abin da da yawa ba su sani ba: golan nan da Musa ya yanke kafin ya ci ta biyu, Hannes Halldorsson, wanda ya tare fenaritin Messi kwana shida kafin nan, daraktan fim ne. Namu ne, ɗan industiri! A 2021 ya fito da fim ɗinsa na 'yan sanda mai suna 'Cop Secret'. Akwai kuma wata alaƙar ta kasuwa, domin Najeriya ce babbar mai sayen busassun kawunan kifin ƙasar, irin wanda 'yan'uwanmu Ibo suke kira okporoko. Wato dai mun daɗe muna cin Ayislan a miya ba mu sani ba.

Abin da ya sa tafiyar ta zama ta mota shi ne ƙasar ba ta da jirgin ƙasa na fasinja, tsakiyarta kuma duwatsu ne da ƙanƙara, ba mazauna. Galibin garuruwa a gefen teku suke, sai aka yi titi guda da ya zagaye tsibirin kamar zobe, ana ce masa hanya mai lamba 1. An haɗe zoben a 1974, aka ƙarasa sa masa kwalta a 2019, tsawonsa ya ɗan haura kilomita 1,300, wato ya fi Kano zuwa Legas. Daɗin abin, a hannun dama suke tuƙi kamar mu, kuma agogonmu awa ɗaya kacal ya fi nasu.

Kafin a zo maganar mota akwai biza, wadda ita ce ta fi hana ni barci. Ayislan tana cikin ƙasashen Shengen tun 2001, ba ta kuma da ofishin jakadanci a Najeriya, wata ƙasar Turai ce take karɓar takardu a madadinta. Kuɗin bizar ya koma Yuro 90 a 2024, sai inshorar lafiya da za ta iya biyan aƙalla Yuro 30,000, da takardar banki, da shaidar masauki, da shaidar cewa kana da abin da zai dawo da kai gida. Saurayi marar mata mai albashin ɗan jarida, ai ka san ba shi ne suka fi so ba. In an hana, kuɗin ba ya dawowa. Jirgi kai-tsaye babu, sai an yada zango a Turai, kuma na cire Landan daga lissafi saboda Ingila tana iya neman wata bizar ta wucewa daga ɗan Najeriya. Gara Faris ko Amstadam.

Sai zaɓen wata. Da farko na so Yuni, tunda an ce shi ne lokacin ɗumi, sai na duba na ga a tsakiyar watan rana ba ta faɗuwa a Reykjavik sai wajen sha biyun dare, ta kuma sake fitowa wajen ƙarfe uku. Na tsaya ina lissafin Magariba da Isha da Asuba, kaina ya ɗau zafi. A Disamba kuma akasin haka ne, hasken yini bai fi awa huɗu da 'yan mintoci ba, ga ƙanƙara a titi, ni da ban taɓa tuƙi a kan abin da ya wuce taɓon damina ba. Saboda haka na tsaya a kan farkon Satumba. Dare da rana sun fara komawa irin wanda muka sani, 'yan yawon buɗe ido sun ragu, kuma in an yi sa'a sama ta washe, ana iya ganin koren hasken nan mai rawa a sararin samaniya da dare. Kada kalmar ɗumi ta ruɗe ka. Ko a Yuli ma'aunin zafi a Reykjavik ba kasafai yake wuce 15 ba. Bazararsu ita ce hunturunmu na Janairu, a ƙara da ruwan sama da iska.

Iskar nan ita ce abin da kamfanonin hayar mota suka fi jan kunne a kanta. Takan fizge ƙofar mota daga hannun mutum ta lanƙwasa ta baya, kuma yawancin inshora ba ta biyan wannan ɓarna. Akwai inshorar tsakuwa saboda gilashin gaba, akwai kuma ta yashi da toka, domin a kudancin ƙasar guguwa takan kwaso baƙin yashi ta kankare fentin mota tas. Da na fara gani na ɗauka dabarar tatsar baƙo ce, amma da na lura hanyata ta cikin filayen yashin nan za ta ratsa, na ce a sa min ita. Galibin kamfanonin suna son direba ya kai shekara 20, lasinsa ya shekara guda, ya kuma zo da katin banki. Ƙaramar mota ta isa zoben a Satumba. Hanyoyin cikin duwatsu masu harafin F a gaban lambarsu, waɗannan sai jif, kuma ba su cikin shirina.

Dokokin ba su da yawa, amma ba a roƙo. Gudu kilomita 90 a awa a kan kwalta, 80 a burji, 50 a cikin gari, ga kyamarori suna jira. Fitilun mota a kunne dare da rana. Sauka daga titi a tuƙa cikin fili laifi ne mai tara mai nauyi. Akwai gadoji masu ɗaukar mota ɗaya tak, wanda ya riga isowa shi zai fara wucewa, ba hon ba zagi. Sai tumaki, waɗanda ake saki su yi kiwo duk tsawon bazara. In ka ga tunkiya a wannan gefe, ɗanta a wancan, to taka burki, tabbas ɗan zai tsallako. Wannan kam duk direban da ya taɓa bin hanyar Daura ya san karatun.

Filin jirgin Keflavik yana da tazarar kilomita 50 daga Reykjavik, a yankin da duwatsu suka dawo da aman wuta tun 2021, har aka kwashe mutanen garin Grindavik a Nuwamba 2023. Don haka kowace safiya kafin a tada mota sai an duba shafin hukumar yanayi da na hukumar hanyoyi. Lambar neman agaji 112 ce. A birnin zan kwana ɗaya, in yi sallah a masallaci tunda akwai, in yi sayayyar guzuri. Abinci a gidan cin abinci tsada ne da shi na fitar hankali, kowa kantin Bonus ko Kronan yake nufa. Kada ka firgita in ka ga tambarin Bonus, hoton alade ne, amma kanti ne kawai na shinkafa da burodi da madara. Abin da za ka guda shi ne tsiren cikin burodin nan da ake sayarwa a kowane gidan mai, wanda suke alfahari da shi, domin akwai naman alade a haɗinsa. Kifi kuwa sai ka ture. Ni dai da yajina zan tafi.

To, yanzu ga inda waƙar take. Duk a gaɓar kudu aka ɗauke ta, kuma wuraren a jere suke a kan hanya mai lamba 1 in ka nufi gabas. Bayan kamar awa biyu daga birni sai magangarar ruwa ta Seljalandsfoss, mai tsayin mita 60, wadda ake iya zagayawa ta bayanta. Gaba da kilomita 30 sai Skogafoss, ita ma mita 60, mai yawan bakan gizo in rana ta fito. A bidiyon yadda aka yi waƙar an nuna inda santsi ya kwashi Shah Rukh a bakin irin wannan ruwa, Kajol ta riƙo shi. Dutsen da ke saman wannan yanki shi ne Eyjafjallajokull, wanda tokarsa ta tsayar da jiragen Turai kusan mako guda a Afrilun 2010.

Kaɗan gaba sai jirgin musu. Na sojan ruwan Amurka ne, ya yi saukar dole a rairayin Solheimasandur a Nuwamba 1973, ba wanda ya mutu, aka kwashe abin da za a kwashe aka bar gangar jikin a nan. Lokacin da su Farah Khan suka tsara rawar, ana iya shiga da mota har gindinsa. Daga 2016 masu filin suka rufe hanyar, saboda jama'a sun yi yawa. Yanzu sai ka ajiye mota a bakin titi ka taka kusan kilomita huɗu a fili fetal, ba bishiya ba inuwa ba mafaka, ka sake tako huɗu, ko kuma ka biya motar da ke jigila. An kuma hana hawa kansa. Ke nan tsayuwar da Shah Rukh ya yi a sama ya buɗe hannuwa, ni a ƙasa zan yi tawa. Abokina dai gindin jirgi ya ce, bai ce samansa ba.

Kwana a Vik, ƙauyen da bai kai mutum 1,000 ba, kilomita 180 da wani abu daga birni. Kusa da shi ne baƙin rairayin Reynisfjara yake, wanda masu kallon 'Game of Thrones' su ma suka sani. A nan ina so in dakata, don wannan ne wurin da fim ya fi yi mana ƙarya. A waƙa teku a kwance yake, masoya suna tafe a hankali. A zahiri, wurin yana da wata irin igiyar ruwa mai zuwa ba sallama: ƙanana su yi ta zuwa har ka saki jiki, sai guda ɗaya ta taso ta wuce duk inda sauran suka tsaya, ta ja mutum. Ta kashe baƙi, har a 'yan shekarun nan, yawanci suna cikin ɗaukar hoto sun ba teku baya. An kafa fitilun gargaɗi a mashigar, kore da ruwan ɗorawa da ja. Ni da ko a Tiga ban iya iyo ba, daga nesa zan yi nawa kallon.

Daga Vik zuwa tafkin Jokulsarlon kilomita 190 ne. A tsakani akwai wani kwazazzabo mai sunan da ya fi ƙarfin harshena, Fjadrargljufur, inda Justin Bieber ya ɗauki wata waƙarsa a 2015. Masoyansa suka yi ta tururuwa suna tattake gansakukar wurin, wadda kan ɗau shekaru da yawa kafin ta sake tsirowa, har hukuma ta rufe shi na wani lokaci a 2019. Da na karanta wannan sai jikina ya ɗan yi sanyi, don ni ma ai irinsu ne, waƙa ce za ta kai ni. Gaba kuma sai ƙanƙarar Svinafellsjokull, reshe ne na Vatnajokull wadda ta rufe kusan kashi 8 cikin 100 na ƙasar. A nan Christopher Nolan ya ɗauki horon takobin 'Batman Begins' na 2005, ya kuma dawo ya mai da wurin wata duniyar a 'Interstellar' na 2014. Ba a hawa sai da ɗan jagora da takalma masu ƙusa.

Jokulsarlon shi ne inda manyan curin ƙanƙara suke yawo a kan ruwa, masu shuɗi-shuɗi, kafin su fice teku. Tseren motocin nan na James Bond a 'Die Another Day' na 2002, Aston Martin da Jaguar a kan ƙanƙara, a nan aka yi shi. Tafkin ba ya daskarewa da kansa saboda ruwan gishiri yana shigowa daga teku, sai 'yan fim ɗin suka toshe mashigar har ya daskare. Ka ji masu kuɗi. Kuma ba banza suke zuwa ba: gwamnatin ƙasar tana mayar wa furodusa kashi 25 cikin 100 na abin da ya kashe a can, daga 2022 kuma manyan ayyuka suna samun har 35. Mu nan in ka kai kyamara wani lokeshin, kafin ka kafa ta an zo karɓar kuɗin wuri.

Zangon ƙarshe na waƙar yana bayan garin Hofn, wajen kilomita 460 daga birni: dutsen Vestrahorn, inda jiƙaƙƙen rairayi ke zama kamar madubi, har ka ga kamar jaruman a kan ruwa suke tafiya. Fili ne na wani, ana biyan kuɗin shiga. Wannan sin ɗin ne abokina ya fi rantsewa a kansa cewa haɗi ne. Inda zan ba shi gaskiya shi ne launi, don an ƙara wa hoton kala sosai a wajen tacewa. Ba na sa ran in tarar da sama mai ruwan goro.

A Hofn hanya ta rabu min biyu, kuma na fi wata guda ina jujjuya abin. Ko in juyo, ko in ƙarasa zoben. Gabas da arewa suna da nasu kwaɗayin. Akwai gangaren Seydisfjordur inda Ben Stiller ya sulala a 'The Secret Life of Walter Mitty' na 2013, da Dettifoss da aka buɗe 'Prometheus' da ita a 2012, da tafkin Myvatn inda aka yi tseren kan ƙanƙara na 'Fast & Furious 8'. Wanda ya fi ja na ma ba na Amurka ba ne. Wani fim ne nasu na gida, 'Rams', na Grimur Hakonarson, da ya ci kyauta a bikin Cannes na 2015. Labarin wa da ƙane ne makiyaya tumaki, gidajensu na kallon juna, amma shekara 40 ba sa magana, in saƙo ya kama sai a ba kare takarda ya kai. Sai annoba ta shiga garke, hukuma ta ce a yanka duka. Wallahi da za a canza tufafi da harshe, ka ce a wata rugar aka yi. A kwarin Bardardalur aka ɗauke shi, kusa da hanya in ka doshi Akureyri.

To amma hangen Dala ba shiga birni ba. Zoben gaba ɗaya yana son kwana goma in ana so a ga wani abu ban da gilashin mota. Masu yin sa a kwana biyar tuƙi kawai suke yi su dawo da ciwon baya. Kowane ƙarin kwana kuwa kuɗin mota ne, da mai, da gado, a ƙasar da ke cikin mafi tsada a Turai, ga Naira yadda take. A gabas gidajen mai suna da nisa da juna, da yawansu ba ma'aikaci, sai kati mai lambar sirri. Kusa da Akureyri kuma akwai hanyar ƙarƙashin dutse da ake biya ta intanet, in ka manta kamfanin haya ya cire da ƙari. Kwana a mota a gefen titi don a rage kuɗi ma doka ta hana, sai a sansanin da aka tanada.

Saboda haka na yanke: kwana shida, kudu kawai, Reykjavik zuwa Hofn da dawowa, da kwana guda a ajiye ba a sa masa komai ba saboda ranar da iska za ta rufe hanya. Makiyayan 'Rams' sai wani jiƙon. Mutum uku nake nema mu raba kuɗin mota da na ɗaki, aƙalla ɗaya ya iya tuƙi, don kada in zama ni kaɗai ne direba kuma mai ɗaukar hoto. Zuwa yanzu na samu ɗaya da rabi, rabin shi ne wanda ya ce sai ya ga an ba ni biza tukuna.

Shi kuwa editan, da na kai masa taswirar ya daɗe yana kallo, ya bi layin da yatsa daga Vik har Hofn, sannan ya tambaye ni ko motar za ta ɗauki ƙafar kyamararsa.